Larabar da Inna Ta Ƙi Fita

A bara likitan ido ya ba mahaifiyata ranar da za a cire mata yanar da ta rufe idonta na hagu. Wata biyu muka yi muna jiran wannan rana. Da na isa gida Ƙaura Namoda da yammacin Talata domin mu yi sammako zuwa Gusau, sai na tarar ko kaya ba ta haɗa ba. Ashe ta sa an duba mata kwanan wata, an shaida mata cewa gobe ce Larabar ƙarshe ta watan Safar, wadda ake kira Larabgana, ranar da tsofaffinmu suka tashi da jin cewa bala'o'in shekara na sauka a cikinta.

"Ba ni zuwa," in ji ta. "Wagga Laraba ba ranar hita ba ta, balle a sa ma mutum wuƙa ga ido."

Na kawo mata hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya kore camfi da tsuntsaye da kuma camfi da watan Safar. Na tuna mata cewa Larabawan jahiliyya sun camfa aure a watan Shawwal, amma a cikinsa aka ɗaura auren Nana A'isha, a cikinsa kuma ta tare. Ta saurara har na ƙare, sannan ta ce, "To Malam, kai da ba ka da camfi, mi ya hana ka bin hanyar Shinkahi bayan la'asar?"

Ban sami amsa a wannan dare ba. Ranar ta wuce mu, aka sake ba mu wata bayan mako goma sha ɗaya. Duk tsawon lokacin nan Inna ba ta iya tsince tsakuwa daga shinkafa, ba ta kuma iya bin layin Alƙur'aninta mai manyan baƙaƙe.

Tambayarta ta tuna mini da wani dattijo da na yi haya a gidansa a kudancin Indiya, kusa da birnin Chennai, lokacin da nake karatun digiri na uku. Injiniyan jirgin ƙasa ne mai ritaya, mutumin da ya yi aikin shekara talatin da agogo a hannu. Ranar Litinin da za mu sa hannu a takardar haya na iso da ƙarfe takwas na safe. Ya kawo mini shayi, muka yi ta hira, bai ɗauki alƙalami ba sai da tara ta gota. Daga baya ya nuna mini dalili a jikin kalandar da ke rataye a falonsa. A kowace rana akwai kimanin sa'a ɗaya da rabi da suke kira Rahu Kalam, wadda ba a fara sabon al'amari a cikinta. Ta Litinin takan kama daga bakwai da rabi zuwa tara na safe, ta Lahadi kuwa daga huɗu da rabi zuwa shida na yamma.

Wannan kalanda ita ce mabiya addinin Hindu ke kira Panchanga, ma'ana mai gaɓoɓi biyar. Gaɓa ta farko ita ce tithi, wato kwanan wata, kuma ba da faɗuwar rana ake ƙirga shi ba. Duk lokacin da wata ya ƙara tazarar daraja 12 tsakaninsa da rana, tithi ɗaya ya cika, don haka 30 ne a kowane wata, wani ya fi wani tsawo. Ta biyu ranar mako ce. Ta uku nakshatra, wato masaukan wata guda 27 a cikin taurari. Sauran biyun, yoga da karana, su ma daga matsayin rana da wata ake fitar da su. Da yake shekarar wata kwana 354 ce, ta rana kuwa 365, sukan ƙara wata na goma sha uku kusan duk bayan wata 32 domin bukukuwansu su tsaya a yanayinsu. Mu kuwa Suratut Tauba ta tsayar mana da watanni a goma sha biyu, shi ya sa azumi ke zagaya mu daga bazara zuwa hunturu.

Da waɗannan gaɓoɓi ne masanansu ke fitar da lokacin da suke ganin ya dace da ɗaurin aure, ko tarewa a sabon gida, ko buɗe shago. Abin bai tsaya ga mutanen karkara ba. Kasuwar hannun jari ta Mumbai takan buɗe na sa'a guda a ranar bikin Diwali domin cinikin neman sa'a. A maƙwabciyarsu Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, da ƙarfe 4:20 na asuba aka karɓi mulkin kai ranar 4 ga Janairu, 1948, saboda lokacin da masu duban taurari suka zaɓa ke nan.

A lokacin na yi wa dattijon dariya a zuci. Dariyar ta tsaya ne ranar da yake karanto mini sunayen masaukan wata yana kwatanta inda suke a sama. Da ya zo kan Krittika, sai na gane kaza da 'ya'yanta yake nufi, waɗanda malamanmu ke kira Surayya. Rohini kuwa ita ce Dabaran. Wata yakan zagaya taurari cikin kwana 27 da 'yan sa'o'i, sai Indiyawa suka tsaya a 27, Larabawa suka cike 28. Tun wajen shekarar 1030 Albiruni ya kwatanta lissafin biyu a littafinsa game da Indiya. Hatta Rahu ɗin da ake tsoro, a ilimin falaki mahaɗa ce inda hanyar wata ke ƙetare hanyar rana, kuma a nan ne husufi ke aukuwa. Su suka ce Rahu ya haɗiye wata, mu muka ce rana ta kama wata, muka fito muna yara da gwangwanaye muna kaɗawa don ta sake shi.

Sunayen nan 28 ba baƙi ba ne a kunnena. Kawuna, Allah Ya jiƙansa, malami ne kuma manomi a wani ƙauye na ƙasar Zurmi, kuma da su yake noma. Kowane tauraro kwana 13 yake yi, ban da Jabha mai 14, jimilla 365. Bakwai na bazara, bakwai na damina, bakwai na kaka, bakwai na ɗari. Idan ruwan farko ya sauka yara suna ɗokin ɗaukar sungumi, yakan ce a dakata, wannan ruwan yaudara ne, tauraron shuka bai kama ba. Sau da yawa waɗanda suka yi gaggawa sukan sake sayen iri. Yana sanin lokacin da za a yi tsammanin marka, da lokacin da shukar wake ta makara. Wannan ilimi ya shiga har cikin waƙoƙin Hausa na ajami, waɗanda Mervyn Hiskett ya yi nazari a kansu a 1967.

Sai dai a cikin gafakar kawun nawa akwai wasu takardu na daban. Su ne masu bayanin ranar da ba a aski, da ranar da ba a yanka sabon tufafi, da kwanakin wata da ba a fara tafiya. Mutane sukan zo zaurensa a zaɓa musu ranar kafa ɗaki ko ranar kai amarya. A wurinsa duka lissafi ne, da tawada ɗaya aka rubuta su.

Malaman ƙasar Hausa sun daɗe da wannan gardama. Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a ilimin hatimi da taurari, littafinsa Durrul Manzum kuwa har yau ana buga shi. A ɗaya ɓangaren, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa ko duban taurari, ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya rubuta littafi sukutum yana gargaɗi a guje su. Amma ba su hana lissafin lokaci ba, don Suratu Yunus ta bayyana cewa an sanya wa wata masaukai ne domin mu san adadin shekaru da lissafi. Iyakar da suka shata a fili take. Tauraro alama ce ta lokaci, kamar yadda inuwa ke nuna azahar. Wanda ya ce tauraron ne ke ba da ruwa, ko ranar ce ke ɗauke da sharri a cikinta, ya ƙetare iyaka.

Da wannan ma'auni na koma ga tambayar Inna. Gaskiya ne ina da lokutana. Ba na kama hanyar Shinkafi ko ta Zurmi da sassafe, ba na kuma bari la'asar ta same ni a kanta. Ranar Alhamis da kasuwar Shinkafi ke ci, sai na kira direbobin tasha biyu ko uku kafin in yanke shawara, don ranar ce motoci suka fi yawa, ita ce kuma ranar da 'yan bindiga suka san akwai kuɗi a hanya. Bambancin shi ne zaɓina yana da sababin da za a iya bincika, kuma yana canzawa in labari ya canza. Idan hanya ta gyaru gobe, zan bi ta da magariba. Larabar Inna kuwa ba abin da zai faru a duniya da zai wanke ta, tun da ba wani abu da ya faru ne ya ɓata ta ba.

Duk da haka Inna ta fi ni gaskiya a wuri ɗaya. Tsoro ɗaya ne ke tura mu duka. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya a Zamfara, babu direban da za ka kira ka tambayi hanya. A makonnin nan na ga zauren wani mai duba a unguwarmu ya cika fiye da yadda na taɓa gani, har da ma'aikata masu takardun makaranta, kowa na biya a faɗa masa ranar da zai fita lafiya. Wanda aka toshe wa hanyar samun sahihin labari zai sayi na ƙarya, in dai zai ba shi barci. Saboda haka wa'azi kaɗai ba zai kashe camfi a ƙasar da fita gona ta zama caca ba. Injiniyan Chennai ma ba jahili ba ne. Ya san jirgi ba ya jiran Rahu Kalam. Abin da yake nema shi ne ya ji cewa ya yi nasa kafin ya shiga abin da ba ya hannunsa, mu kuwa an ba mu istihara da shawara domin wannan buƙata.

Abin da ke damuna shi ne mun yi zaɓen tumun dare. Cikin gafakar kawuna, rabin da ke da amfani shi ne ya mutu, rabin da ke cutarwa ya rayu. Na tambayi ɗalibai fiye da sittin a aji ɗaya, yawancinsu 'ya'yan manoma, ko akwai mai iya kawo sunayen taurarin damina. Babu ko ɗaya. Amma kusan kowa ya san ranar da aka ce ba a wanki ko ba a aski. Indiya ta fuskanci nata rikicin kalanda ta hanyar kafa kwamiti a 1952 ƙarƙashin masanin kimiyyar taurari Meghnad Saha. Kwamitin ya tarar da kalandu kusan 30 ana aiki da su, ya tace lissafinsu, aka fitar da kalandar ƙasa a 1957. Bai hana kowa camfinsa ba, amma ya ɗauki lissafin kakanninsu a matsayin ilimin da ya cancanci a gwada shi.

Mu ma muna da masu iya wannan aiki. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda da na Jami'ar Tarayya ta Gusau za su iya zama da dattawan da suka rage, da yawansu ma rashin tsaro ya riga ya koro su cikin gari, su rubuta abin da suka sani game da kowane tauraro. Daga nan a auna shi da bayanan ruwan sama da hukumar NiMet ke tattarawa da hasashen damina da take fitarwa kowace shekara. Abin da ya tabbata a koyar da shi, abin da sauyin yanayi ya gusar a gyara, abin da ya zama duba a ajiye shi gefe. Manomin da ke sayen iri da taki da tsadar yau ya fi kowa buƙatar sanin ko ruwan farko na shuka ne.

An yi wa Inna aikinta lafiya. Sabuwar ranar ta faɗo a Alhamis, ta ce ai ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake son fita tafiya ce, kuma a nan ba ni da ta cewa, don haka ya tabbata a Bukhari. Ba mu bar Ƙaura ba sai da na kira tasha aka ce motocin farko sun isa Gusau. Tana zaune a bayan mota da carbinta tana jina, ba ta ce komai ba. Da aka cire mata bandeji ta koma karatunta, na roƙe ta alkawari ɗaya, cewa in likita ya sake ba da rana, ko wace ce, za mu je. Ta ce Allah Ya kai mu, ta ci gaba da karatu.