Kwanon Gwaggo

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ban san zurfin wannan magana ba sai a kan gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta yi aure a Gashuwa tana sana'ar bandar kifi.

Ina ɗan shekara goma, a wani hunturu, wasu tabbai suka fito mata a gwiwar hannu da ƙwauri da ƙeya. Duhu gare su, samansu kuma da ɓawo fari-fari mai zuba kamar dusa. Aka sha saiwoyi, aka shafa man kaɗanya, abu sai gaba yake yi. Ba a jima ba raɗe-raɗi ya zaga unguwa cewa kuturta ce. Masu sayen kifinta suka janye ɗaya bayan ɗaya, a gida kuma aka ware mata kwano da buta. Da muka je hutu daga Nguru ta miƙo mini tsokar kifi da hannunta, sai na noƙe, na ce na ƙoshi. Ta dube ni, ta mayar da kifin cikin faranti, ba ta ce uffan ba. Har yau wannan kallo bai bar zuciyata ba.

Bayan shekara biyu mahaifina ya ɗauko ta zuwa Nguru, ya kai ta wurin wani likita, ni kuma ina riƙe da jakarta. Likitan ya sa ta rufe ido, ya shafa auduga a kan tabon.

"Mama, kin ji na taɓa ki?"

"Na ji, ɗan nan."

Ya kankare ɓawon a hankali, sai ɗige-ɗigen jini suka bayyana. Ya ce tabon kuturta ba ya jin taɓi, domin ƙwayar cutar tana lalata jijiyoyi. Wannan kuwa sunanta soriyasis. Garkuwar jiki ce ke ingiza fata ta riƙa sabuntawa cikin 'yan kwanaki maimakon kamar wata guda, sai matacciyar fata ta taru ta zama ɓawo. Ba a ɗaukar ta ta abinci ko musafaha. Tana lafawa ta dawo, kuma bushewar hunturu kan tayar da ita. Ya rubuta mata man shafawa, sa'an nan ya kama hannunta ya riƙe a gaban kowa.

Sai da na shiga jami'a na bi sawun ilimin da ya wanke gwaggo. Ashe ruɗun da muka yi, Turawa ma sun daɗe a cikinsa, suna cakuɗa cututtukan biyu ƙarƙashin suna ɗaya. Ferdinand von Hebra, wani shehin likitan fata a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, shi ne ya raba su sarai a 1841. A 1873 kuma Hansen ya gano ƙwayar kuturta a ƙasar Norwe. Amma littattafan da aka gada fatar Bature suke siffantawa, inda tabon yake fitowa ja, aka kuma ɗauka da wuya cutar ta kama mutanen Afirka ta Yamma. A 1986 Dakta O. E. Obasi, likitan fata da ya yi aiki a Kaduna, ya buga bincikensa a wata mujallar likitocin fata ta duniya a kan masu soriyasis da ya duba a Arewacin Nijeriya. Irin wannan aiki ne ke sa likita ya tuna da cutar idan ya ga tabo a baƙar fata.

Mai karatu, mukan auna darajar manazarci da yawan masu ambaton sunansa a rubuce-rubuce. Ni kam ma'aunina daban ne. Hebra da Obasi ba su san gwaggo ba, ita ma ba ta taɓa jin sunansu ba, amma ta hanyar wahalarsu Allah ya mayar mata da mutuncinta. Ciniki bai koma yadda yake a da ba, domin jita-jita ta fi gaskiya saurin tafiya, sai dai an daina ware mata kwano.

A daren da muka dawo daga wurin likita, na ɗauko tuwona na juye a cikin kwanonta. Ta ce, "Yau ba ka ƙoshi ba ke nan?" Na sunkuyar da kai, muka ci tare.