Kujera ta Uku

Dattawan Treichville da Adjamé a Abijan ba su manta da ƙarar ba. A da, in ka bi titin Port-Bouët da hantsi, za ka ji ƙasa na rawa, sai ga DC-8 na Air Afrique ya ɗaga da injinansa huɗu, yana jan baƙin hayaƙi a saman teku, mai tallar goro ya tsaya da faifansa yana kallo har jirgin ya ɓace.

Kamfanin namu ne. Ƙasashe 11 suka kafa shi a Yawunde a 1961, har da Nijar, aka ajiye hedikwatarsa a Abijan. Ɗan kasuwar da ya shekara yana tara kuɗi a kasuwar Adjamé, a cikinsa yake komawa Yamai, alhazai kuma su nufi Jidda da butocinsu.

Ku yara, ku ji yadda ɗakin matuƙi yake a lokacin. Da DC-10 ya zo a 1973, mai injuna uku, ɗaya a gindin wutsiya, mutum uku ne ke zama a gaba: matuƙi, mataimakinsa, sai injiniya a bayansu, ya juya gefe yana fuskantar bango cike da agogo da maɓallai, yana lura da mai, da zafin inji, da iskar da fasinja ke shaƙa. Sitiyari na gaban ƙirji, igiyoyin ƙarfe suna bi ta cikin jirgi zuwa fukafukai da wutsiya. Kuma in tafiya ta miƙa, akan kai yaro ya leƙa, ya dawo wurin uwarsa baki buɗe.

Yau babu kujerar injiniyan nan. Airbus A320 na Air Côte d'Ivoire injinsa biyu, matuƙansa biyu, allunan kwamfuta a gabansu, da ɗan maƙalin hannu a gefe da ke aika saƙo ta lantarki. Ƙofar ɗakin matuƙi kuwa a kulle take tun bayan Satumba 2001.

Gaskiya ɗaya ce: jirgin yanzu ya fi aminci, ya fi shiru, ya fi tattalin mai. Air Afrique kuma bashi ne ya kayar da shi a 2002.

Jiya wani jirgi ya wuce ta saman Treichville. Masu cin abincin garba ko ɗaga kai ba su yi ba.