Ƙwallon da na soke bisa kuskure

Akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai tun gasar ƙwallon da matasanmu suka yi a nan Sabo, Ibadan, bayan ƙaramar Sallah, kuma na ga gara in faɗe shi a gaban kowa.

Ni na busa wasan ƙarshe. Ana kunnen doki, saura 'yan mintuna a tashi, sai wani ɗan baya ya lura shi kaɗai ya rage tare da gola tsakanin ɗan gaban abokan karawa da raga. Kafin a turo ƙwallon sai ya yi wuf ya tsallaka layin raga ya tsaya a waje. Aka turo, ɗan gaban ya zura. Mai tuta ya ɗaga, ni kuma na busa satar gida, don a tunanina wanda ba ya cikin fili ba a lissafa shi. Da aka je bugun fenariti, waɗanda na soke wa ƙwallo suka sha kashi. Abin da ya ƙara dagula lamarin, ɗan bayan nan ɗan yayata ne. Kafin magariba magana ta zaga unguwa cewa rafali ya yi son kai.

Washegari wani dattijo da ya daɗe yana bin ƙwallo ya kira ni gefe, ya ce, "Malam, ka manta wasan Holan da Italiya na 2008?" Ya tuna mini yadda aka yi a birnin Bern, a gasar cin kofin Turai. Golan Italiya Buffon ya yi karo da ɗan bayansa Panucci, Panucci ya faɗi a bayan layin raga. Van Nistelrooy ya ci, 'yan Italiya suka yi ca cewa satar gida ce, amma alƙalin wasa ya ba da ƙwallon, hukumar UEFA kuma ta ce daidai ya yi. Holan ta ci 3-0.

Na je na duba doka ta 11, na tarar dattijon ya fi ni gaskiya. Ɗan baya da ya fita fili ba da izinin alƙalin wasa ba, ana ɗaukarsa kamar yana tsaye a kan layin raga ko layin gefe. Haka za a ci gaba da lissafa shi har sai an tsayar da wasa, ko 'yan ƙungiyarsa sun buga ƙwallon zuwa wajen layin tsakiya ta fice daga yadi 18 ɗinsu. In kuma da gangan ya fita, katin gargaɗi ne hukuncinsa da zarar ƙwallo ta fita daga wasa. Shi ɗan gaba an yarda ya koma waje don ya nuna ba ya cikin wasan, amma in ya dawo ta layin raga ya sa ƙafa a wasan kafin wancan lokaci, a kan layin ragar za a lissafa shi.

Hikimar a fili take. Da ba haka ba, kowane ɗan baya sai ya riƙa ficewa don ya jefa abokin karawa cikin tarko. Ke nan ƙwallon da na soke halastacciya ce, ɗan yayata kuma kati ya cancanta.

Na je har wurin atisayensu na ba yaran haƙuri. Wasu sun karɓa, wasu har yau sama-sama muke gaisawa, kuma ban ga laifinsu ba. Wallahi ban yi don dangantaka ba, rashin sani ne, wanda aka ce ya fi dare duhu.

Roƙona ga shugabannin ƙungiya shi ne, kafin gasar babbar Sallah a tara duk masu busa da masu tuta, ko na yini ɗaya ne, a bi dokar nan dalla-dalla. Ni zan fara zama a layin gaba. Allah Ya ƙara haɗa kanmu.