Neman Yoyo A Rufin Shago

'Yan'uwana mata, Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne, amma abin da mai ɗaki ya sani shi ne inda zai tara daro in hadari ya taso. Ƙofar da ruwan ya bi ya shigo kuwa, sau da yawa tana can wani wuri dabam, taku uku ko biyar daga inda yake ɗiga. A kan wannan nake so mu yi magana a wannan mako, gama yanzu mata da yawa suna da shago, wata na ɗinki, wata na kitso, wata na kayan masarufi. Wadda ba ta fita ma, hajarta tana ajiye a kantin maigida ko na ɗan'uwa. Yoyon ɗakin kwana katifa zai jiƙa, gobe a shanya. Na shago kuwa a kan turmin atamfa yake sauka, ko buhun sukari, cikin dare ba kowa, da safe a tarar kuɗin adashin shekara guda sun narke.

Ku 'yan makaranta, ga lissafi ku gwada a littafinku. Rufi mai tsawon ƙafa 30 da faɗin ƙafa 20, in aka yi ruwa na inci 1, abin da zai sauka a kansa ya ɗara lita 1,400, watau kamar duro 7. A watan Agusta kuwa, lokacin marka, inci guda a dare ɗaya ba abin mamaki ba ne a Kano ko Zariya. Duro bakwai ɗin nan duk hanyar sauka suke nema, ramin ƙusa ɗaya ya ishe su.

To, ga yadda ruwa yake tafiyarsa. In ya shiga ta ramin ƙusa, ba ya faɗowa nan take. Sai ya manne wa cikin kwano ya gangara, ya iske katako, ya bi shi a kwance har ya kai wata gaɓa, sa'an nan ya ɗigo a kan silin. A nan ma kwanciya yake yi, ya lallaɓa zuwa inda silin ya lotsa. Saboda haka tabon da kike gani ƙarshen tafiya ne. Mafarin yana sama da shi, wajen da rufin ya fi tudu, ko kuwa a gefe.

Shagona na ɗinki yana cikin jerin shaguna masu rufi ɗaya, irin waɗanda kuke gani a bakin kasuwa. Wata damina ruwa ya riƙa ɗiga daidai kan teburin yanka. Kafinta ya hau sau biyu, ya shafe kwalta daidai saitin wurin, ya karɓi ladansa, ruwan bai fasa ba. Ranar da aka cire fallen silin guda, ƙanwata ta haska tocila, sai ga zanen tsatsa ja siriri a jikin katako, ya miƙe har ya ƙetare bangon da ya raba mu da maƙwabci. Ashe allon talla ya kafa, aka huda kwano aka ɗaure shi da waya. Ruwan ta can yake shiga, shi ko ɗigo bai taɓa gani ba. Ni ban ga laifin kafinta ƙwarai ba. Inda aka nuna masa ya liƙe, wanda ake biya don ya liƙe kuwa ba ya tsayawa bincike sai an tsayar da shi.

Binciken nan rabinsa aikinki ne, uwargida, ba ya bukatar tsani. Ran da ake ruwa kina shago, ki ɗauki alli ki zagaye duk inda ya ɗiga, ki kuma lura da lokaci. In da fara ruwa yoyon ya fara, da ɗaukewa ya tsaya, rami ne a buɗe, ƙusa ce ta saki ko tsatsa ta ci kwano. In sai an jima ana zubawa yake somawa, ya ci gaba bayan an ɗauke, to ruwa ne yake taruwa a wani wuri, galibi magudanar da ke tsakanin rufi biyu ta toshe da ƙurar hunturu da ganye da leda, ta cika ta tumbatsa ciki. In kuwa sai ran da aka yi iska, ki duba ɓangaren gabas, domin hadarinmu daga can ya fi tasowa, iskarsa ke cusa ruwa ƙarƙashin inda falle ya hau kan falle, da inda kwano ya haɗu da bango. Wanda ke ɗiga rana tsaka ba hadari, wannan ba na sama ba ne, a nemi bututun tanki ko na'urar sanyaya ɗaki.

Shagon da ba silin ya fi sauƙi. Da azahar ki rufe ƙofa da taga, ki ɗaga kai. Kowane rami zai yi haske kamar tauraro. A zura tsinken tsintsiya a ciki don wanda ya hau ya gane shi.

In kafinta ya zo, ki roƙe shi ya yi gwaji kafin ya buɗe gwangwanin kwalta. A zaɓi ranar da rufi ya bushe. Shi yana sama da bokiti ko tiyo, ke kina ciki kina kallo. Ya fara zubawa daga ƙasa, bakin rufi, ya dakata 'yan mintoci, sa'an nan ya matsa sama kaɗan, haka har ki ce ga shi nan. In ya fara daga ƙoƙuwa ruwan zai wanke rufin duka, ba wanda zai san inda ya shiga. Ki sa ya duba ƙusoshi kuma. Wurin ƙusa a kan tudun kwano ne, wadda aka buga a kwari a cikin hanyar ruwa take zaune. Ko wadda aka buga daidai ma takan saki da daɗewa, domin kwano yana miƙewa da zafin rana, ya tsuke da sanyin dare, kullum yana girgiza ta. Duk abin da aka ɗora wa rufi daga baya, farantin sola ne, ko na tauraron ɗan'adam, ko ƙafar tanki, shi za a fara tuhuma.

Rufin siminti, wanda magina ke kira dekin, shi ya fi ba ni tsoro. Ruwa yakan kwanta a kansa ya bi tsaga siririya, ya kai ga rodin da ke ciki. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake, ya fasa simintin da ya rufe shi. In kika ga jan tabo a ƙarƙashin dekin, ko ɓarɓashi yana zubowa, fenti ba zai yi magani ba, a kira wanda ya san gini. Iyayenmu masu soro ba su wasa da irin wannan. Kafin damina sukan sake yaɓe da makuba ko katsin marina, su share indararo, su cire ciyawar da ta tsiro a kai.

Kada a hau rufi yana jiƙe, wanda ya hau kuma ya taka layin ƙusa, nan ne katako yake. In ruwa ya kusa da waya ko ƙwan lantarki, a kashe wutar shagon tukuna. Silin da ya yi ciki ya cika da ruwa, a janye kaya, a tara bokiti, a huda shi da ƙusa ya tsiyaye, kada ya rufto gaba ɗaya.

Ke kuma mai shirin kama haya, in da hali ki je ganin shagon washegarin ruwa mai ƙarfi. In da rani ne, ki ɗaga kai ki dubi silin. Fallen da ya fi 'yan'uwansa sabon fenti, ki tambayi mai shago dalilinsa, kuma ku yi magana a gaban shaidu a kan wanda gyaran rufi zai hau kansa, tun kuɗin suna hannunki.