Kariyar Babur Ɗin Baba

Wannan makon mu aka ba wa fili, kuma maimakon maganar alƙalami, labarin wani tsohon babur muka zo muku da shi. Mu biyu ne a cikin labarin, wa da ƙane, 'yan gida ɗaya a nan Dawanau, shi ya sa za ku ji muna ta cewa "mu". Laifin da ke ciki ma tare muka yi shi.

Bayan kakar 2023 wani ɗan gwangwan ya tsaya da kurarsa a ƙofar gidanmu. Umma ce ta sa aka kira shi, don ta gaji da ganin Jincheng ɗin Baba ya tare rabin zaure, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa. Mutumin ya zagaya shi sau biyu, ya ƙwanƙwasa tankin, ya yi tayin da bai kai kuɗin buhun masara ɗaya ba. Muka roƙi Umma ta ba mu wata uku. Ta ce: "Shekara takwas yana nan ba ku kalle shi ba, sai yau da na samo mai saye?" Ba mu da amsa, amma ta sallami mutumin.

Da wannan babur Baba ya yi acaɓa a cikin birnin Kano tun muna ƙanana. Duk wanda ya yi wayo a wancan lokacin ya san Jincheng, ɗan China mai hayaƙi da ƙara kamar injin markaɗe, wanda aka kwaikwayo daga Suzuki AX100 na Japan. A watan Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana acaɓa. Masu hali suka koma Adaidaita Sahu, Baba kuwa ba shi da kuɗin haka. A 2015 injin ya buga, aka jingine shi a zaure. Abin da muka sani ke nan, kuma ba mu taɓa tambayar abin da ya faru a shekaru biyun da ke tsakani ba.

Mu faɗi gaskiya, ba tausayin babur ne ya motsa mu ba, kwalliya ce. A waya muka riƙa ganin wani samfurin babur da ake kira boba. Asalinsa daga Amurka ne, tun shekarun 1930, lokacin da samari suke ɗaukar manyan baburan Harley-Davidson da Indian su cire murfin tayar gaba, su datse na baya, su yar da duk wani ƙarfen da ba shi ke sa babur tafiya ba, don ya yi sauƙi ya ƙara gudu. Sunan ma daga kalmarsu ta datse jela ya fito. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, sojojin da suka koma gida da sanin kanikanci suka ƙara yaɗa abin. Sit ɗaya na mutum ɗaya, baya a buɗe, taya a fili. Muka ce ai mu ma muna da ƙarfe a zaure.

Da muka je neman izinin Baba, muka nuna masa hoto a waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: "To ina ake ɗora kaya?" Muka ce ai Baba wannan ba na kaya ba ne. Ya miƙo mana wayar ya ce: "Ku tayar da shi tukuna. Wanda bai tashi ba ba a yi masa kwalliya." Mu a wajenmu wannan izini ne na komai da komai.

Babu bakanike a cikinmu. Difilomar babbanmu ba ta shafi ƙarfe ba, ƙaramin kuma ɗan tiredar wani yake tsare. Kayan aikinmu sifana huɗu, filaya, sukundireba biyu da zarton ƙarfe. Kuɗin aikin kuwa daga kasuwa muka riƙa tara shi, wajen rubuta lissafin buhunan riɗi da wake idan ana lodin tirela. Malaminmu wani dattijon bakanike ne a bakin titin Katsina, wanda ya yi zamani da Jincheng. Sharaɗinsa ɗaya ne: zai faɗa mana, amma ba zai taɓa mana ba.

Farkon abin da muka tarar shi ne kiki ba ya motsi ko kaɗan, fistin ya manne da silinda. Muka so mu taka da ƙarfi, dattijon ya ce: "Samari, in kuka karya abin da ke ciki, babu sauran magana." Ya sa muka cire fulogi, muka zuba kananzir gauraye da baƙin mai ta ramin, muka bar shi. Kullum da yamma mu ɗan motsa tayar baya a cikin giya. Sai a rana ta tara ya saki. Da muka buɗe, ringin ya karye, jikin silinda duk ya kakkarce. Dole aka kai shi aka rarake, muka sayi fistin da ya ɗara na asali girma kaɗan.

Tankin mai cike yake da tsatsa. Muka zuba tsofaffin notuna da kananzir muka yi ta jijjigawa har hannu ya sage, sannan Umma, wadda ta ce babu ruwanta, ta ba mu shawarar jiƙa shi da ruwan tsamiya mai kauri kamar yadda take wanke tsohuwar tukunya. Kwana biyu ya yi, muka ɗauraye, muka shanya, ciki ya fito fes. Kafireta kuwa sau uku muna kwance ta. A karo na biyu wata 'yar allura ta faɗi cikin ƙasa, muka kwashe yamma guda muna tankaɗe turɓayar zaure da rariyar Umma. Tun daga ranar, duk abin da za mu kwance sai mun shimfiɗa buhu, mun ɗauki hoto, mun zuba ƙananan kayan a gwangwanin madara.

Ranar da ya fara tashi ba mu ji daɗi ba, tsoro muka ji. Ko totur ba mu murɗa ba, injin ya riƙa hawa da kansa kamar zai fashe, sai da muka fizge wayar fulogi. Dattijon ya yi dariya ya ce oyil sil ne. Irin wannan inji da ake kira tu-sitrok, mai shan fetur tare da man tu-ti, sai ya fara matse mai da iska a ƙarƙashin fistin kafin ya tura su sama. Idan robobin da ke toshe gefensa suka bushe saboda daɗewa a ajiye, iska za ta riƙa kutsawa, mai ya yi kaɗan, injin ya yi ta gudu yana zafi har ya sake bugawa. Muka sake sauke injin da muka yi mako biyu muna ɗorawa. Wata ukun Umma ya daɗe da wucewa, amma ba ta ƙara maganar ɗan gwangwan ba.

Da ya tashi yadda ya kamata, da la'asar ne. Baba yana alwala a tsakar gida. Ya fito da buta a hannu, ya tsaya a bakin zaure yana saurare, ya ce: "Ku rage masa iska kaɗan." Ƙaraminmu ya juya sukurun kafireta, sautin ya daidaita. Baba ya gyaɗa kai ya wuce masallaci.

Daga nan muka shiga abin da dama shi muke jira, wato yanka. Muka cire murfin tayar gaba. Muka datse na baya. Muka sauke dogon sit muka sa mai ɗinkin kujeru ya yi mana ɗan ƙarami na fata. Muka je Ƙofar Ruwa muka samo bututun ƙarfe, mai walda ya lanƙwasa mana sabon kan babur. Har salansa muka yanke don ya yi ƙara irin ta bidiyo. Ƙarar ta samu, maƙwabta ma sun shaida, amma ƙarfin ya tafi, ɗan tudun hanyar gona sai da giya ɗaya. Ashe a tu-sitrok salansa ba rage ƙara kaɗai take yi ba. Faɗinta da tsawonta ne suke mayar da wani sashe na mai da iskar da suka biyo hayaƙi zuwa cikin silinda. Muka sayi wata ta hannu da kuɗin da muka ware na fenti.

Saura kariya. Ba irin ta kamfani ba ce. Baba ya sa an ƙara mata faɗi da rodi, an yi mata ƙafafu biyu an like su da walda a jikin babur, ta yi nauyi ta yi muni. A idonmu ita ce ta farko da ya kamata ta tafi. Wata Asabar Baba yana gona, muka sa zarto. Kafin azahar ta faɗi ƙasa, muka jingine ta a bayan ƙofa tare da sauran tarkacen da za a sayar.

Baba ya dawo, ya kalli babur, ya kalli bayan ƙofa. Bai ce komai ba. Ya sunkuya ya ɗauki kariyar, ya kakkaɓe ta da hannun rigarsa, ya shiga da ita ɗakinsa. Da ma faɗa ya yi mana, da ya fi mana sauƙi. Kwana uku muna gaishe shi yana amsawa kamar kullum, amma bai ƙara tsayawa a zaure ba.

Umma ce ta gaya mana. Ta ce bayan an hana acaɓa, Baba ya yi kusan wata biyu babu abin yi. Daga nan ya je aka ƙera masa wannan kariya, ya riƙa fita bayan sallar asuba zuwa ƙauyukan wajen Dawakin Tofa, yana ɗauko wa manoma buhunan gero da wake zuwa kasuwar Dawanau, ana biyan shi a kan kowane buhu. Wata rana sawu biyar, wata rana shida, a kan babur ɗin da aka yi don ɗaukar mutum biyu. Nauyin ne ya kashe injin. Ta ce: "Kuɗin makarantarku na shekara biyu a kan ƙarfen nan ya zo. Ku kuna barci yake fita." Mun san yana fita. Ba mu taɓa tambayar ina ba.

A daren muka zauna muka sake kallon hotunan da suka ruɗe mu. Samarin Amurka da suka fara datse babura sun yar da abin da ba su bukata ne, su gudu suke nema a filin tsere. Mu kuma muna zaune a gefen kasuwar da ake lissafawa cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, inda ake auna darajar babur da yawan buhun da yake iya ɗauka. Shi ya sa Boxer ɗan Indiya ya cika hanyoyin ƙauyukanmu yanzu. Mun kwaikwayi yankan, ba mu tsaya mun ga ko dalilinsu namu ne ba.

Da safe muka durƙusa muka ba Baba haƙuri. Ya ce: "Ƙarfe ne, ba komai." Muka roƙi ya ba mu kariyar. Ya ɗan yi shiru, ya ce tana ƙarƙashin gado. Mai walda ya yi mana kunnuwa huɗu a jikin babur, bayan mun sauke tanki mun cire wayoyin wuta, aka huda ƙafafun kariyar, ta koma mai ɗauruwa da notuna huɗu. Minti goma a ɗaura, minti goma a sauke. Ba mu yi mata fenti ba, man inji kawai muka goga mata.

Damina ta ƙarasa mana darasin. Wata Juma'a babbanmu ya hau da farar shadda, ya isa masallaci da layin taɓo tun daga ƙugu har hula. Muka mayar da murfin tayar gaba, muka ƙara wa na baya tsawo. Yau idan ɗan Amurka ya ga babur ɗinmu ba zai kira shi boba ba. Yaran unguwa "Guntu" suke ce masa. A daminar 2024 Baba ya ce a ɗaura masa kariya, ya ɗora rabin buhun taki, ya hau ya tafi gona. Da ya dawo abin da ya ce kawai shi ne sit ɗin ya yi tauri.

Ga wanda yake da irin wannan sha'awa, ga abin da muka koya da kuɗinmu. A fara da inji da birki kafin kwalliya. Kada a goge ko a yi walda a kan lambar inji da ta jikin babur, kuma a adana takardunsa. Kada a yanka gaban inda shoka take ɗaure. Kada wuta ta kusanci tankin da ya taɓa ɗaukar fetur. A bar fitila da lamba, a sayi hular kwano. Abin da aka cire kuma a ajiye shi, kada a yi gaggawar sayarwa.

A zaman ƙungiya kullum ana ce mana mu rage, mu cire abin da ba shi da amfani a rubutu, kuma gaskiya ne. Mu ma bayan wannan aiki mun koma kan wani gajeren labari da muka datse wa shafi biyu saboda wani ya ce sun yi nauyi. Ɗaya mun bar shi a cire. Ɗayan mun mayar, don da muka sake karantawa mun ga shi ke ɗauke da dalilin labarin.

Kariyar tana rataye a ƙusa a zaure yanzu, notunanta huɗu a cikin gwangwani a kan taga. Baba ya ce a ɗaura masa ita ranar Alhamis, akwai wake da zai kai kasuwa. Allah Ya saka wa iyayenmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun ji gyararrakinku.