Tsakanin "Kafin" da "Bayan": Yadda Kwamfuta Ke Auna Lokacin Aiki

Duk ɗalibin da ya zauna ajin nahawu ya san 'yan kalmomin nan: kafin, bayan, tun, har, yayin da, da zarar. Akan wuce su da sauri saboda ƙanƙantarsu, alhali kuwa su ne ke riƙe da kowane shiri na ɗan Adam. Magini ba ya ɗora azara sai bango ya tashi, bango kuwa ba ya tashi sai tubali ya bushe.

A shekarar 1983, James Allen na Jami'ar Rochester ta Amurka ya nuna cewa dangantakar lokaci tsakanin ayyuka biyu iri 13 ce kacal. Wani aikin yakan ƙare kafin wani, ko ya ƙare daidai sa'ad da wancan ke farawa, ko ya ɗan shiga cikinsa, ko ya auku a tsakiyarsa, ko su fara tare, ko su ƙare tare. Shida ke nan, kowace da kishiyarta; ta 13 ita ce su yi daidai tun daga farko har ƙarshe.

Da wannan, kwamfuta kan yi hukunci ko da ba a gaya mata ranar komai ba. Idan bushewar tubali ta gabaci bango, bango ya gabaci rufi, to ta san tubali ya gabaci rufi. In aka ƙara mata adadi, sai ta tona abin da zuciya ke ɓoyewa. A ƙaddara tubali na bukatar kwana 10, bango 20, rufi 7, mai gida kuma ya ce lalle a gama cikin kwana 30 kafin ruwa ya sauka. Nan take za ta nuna cewa 37 ba ya shiga cikin 30. Irin wannan lissafi hukumar NASA ta yi amfani da shi tun daga 2004 wajen tsara ayyukan yau da kullum na motocin bincikenta, Spirit da Opportunity, a duniyar Mars.

Bahaushe ya ce alkawari kaya ne. Amfanin na'urar shi ne auna kayan tun ba a ɗauka ba. Amma zaɓin abin da za a sauke, ko a ƙaro magina ko a bar rufi sai bayan damina, wannan yana wuyan mai gida.