Abin da ke ƙarƙashin fenti

Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, daga baya aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna, har ta cika titunan Maradi da Damagaram. Guda daga cikin irinta tana kwance a gidan wani tsohon malamin makaranta, gadon mahaifinsa ce. Ƙannensa sun matsa a watsa mata fenti, a sayar, a raba kuɗin. Malam ya ce a dakata, domin fenti ba ya kashe tsatsa, lulluɓe ta kawai yake yi.

Da maganaɗisu ya fara bin jikinta. Duk inda ya ƙi kamawa, mastik ne wani ya cusa a gurbin ƙarfe. Ya kankare ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi, inda ruwan damina ke kwana, ya sa mai walda ya yanke ruɓaɓɓen wuri ya ɗora sabon falle. Sannan ya bi ta da takardar guga, daga mai kaushi lamba 80 zuwa mai laushi lamba 400, yana shafawa da tafin hannu, don hannu na jin kwarin da ido bai gani ba. Ya wanke maiƙo, ya shafa maganin tsatsa, ya jira ƙurar hunturu ta kwanta.

Ƙannen na ƙirga watanni, suna gunaguni. Shi kuwa cewa yake: mai saye zai ɗora iyalinsa a kan wannan ƙarfe, kuma da sunan mahaifinsu za a sayar masa.